Yaran Ruma da Ruwan La'asar

Shekarun baya, lokacin da mutanen Ruma suka yi ta kwararowa Batsari suna raɓawa a gidajen 'yan uwa, aka saka ni cikin kwamitin firamaren unguwarmu. Ni da ko taron suna ban iya shiryawa ba.

Yaransu sun shekara ba su ga aji ba, ga jarrabawa ta matso. Muka yanke a riƙa yi musu darasi bayan la'asar. Na zura babbar riga na bi manyan gari. Sarkin fawa ya ba da benci, wani mai shago ya ba da alli da littattafai, liman ya yi sanarwa.

Ranar farko aji ya cika, amma duk 'yan gari ne, yaran Ruma ko ɗaya babu. Mako biyu ana haka. Kaina ya ɗaure tamau. Na ce ko tsoro ne, aka ajiye ɗan banga a ƙofa. Na ce ko yunwa ce, aka kawo ƙosai, 'yan gari suka cinye abinsu. In na bi gidajen, iyayen su yi ta godiya: "Gobe da yardar Allah, Malam." Goben ba ta zuwa. Shugaban kwamiti ya ce in Juma'a ta yi ba su zo ba, a rufe.

Na kai kukana wurin mahaifiyata. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Kai dai boko ya cinye maka kai. Wa ke cika randunan gidajen nan da la'asar? Mutum yana cin tuwon wani, ya ce wa ɗansa ajiye jarka ka tafi karatu? Da wane ido? Kuma har abada ba za su faɗa maka ba."

Washegari na tafi rijiyar burtsatse wurin 'yan ga-ruwa, waɗanda ko a mafarki ban sa su cikin manyan gari ba. Babbansu ya saurare ni har na gama kame-kame.

"Gida nawa ne, Malam?"

Na ce tara. Ya ce kowane gida za a kai masa kurar ruwa ɗaya kyauta kafin la'asar. "Ni ma daga Ruma na fito."

Ran Laraba yaran suka zo, benci bai ishe su ba.

Har yau kunyar abin ba ta sake ni ba, kuma na kasa gane yadda aka yi. Kullum a hanyata ta zuwa ajin nan sai na wuce su da jarkoki a ka. Su durƙusa su gaishe ni, in amsa, sannan in shiga aji ina tambayar ina suke.