Wainar Gwaggo Hassana da Hantar Yaya Abdullatif

Ina tsaye a ƙofar gida da bokitin ruwa na ga Yaya Abdullatif ya sunkuya zai ɗaure buhun gero a bayan babur. Sai ya tsaya cak, ya dafe gefen cikinsa na dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Ya ja numfashi, ya miƙe, ya ci gaba da ɗauri. Ni kuwa na dire bokitin, domin haka Baba ya riƙa dafe wurin kafin cikinsa ya kumbura, ciwon hanta ya tafi da shi ina sakandare.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Wurin da ka riƙe."

"Ke Shamsiyya, tunda kika dawo da digirin nan babu sauran mai lafiya a gidan nan. Iska ce ta tokare ni."

Yaya Abdullatif bai kai shekara talatin ba. Da Baba ya rasu, shi ya ajiye karatu ya hau babur yana kabu-kabu a Kusada, kuma da wannan babur na gama jami'a. Ba ya cikin masu zama a bakin tasha suna jiran fasinja. Shi nasa fasinjojin sanannu ne: matan da ke sayar da abinci. Da an idar da sallar asuba zai ɗauki Gwaggo Hassana mai waina da tandarta da ƙullunta, ya sauke ta, ya koma ya ɗauko mai ƙosai, sannan mai awara, sannan mai fanke. Ya san wadda ba ta son gudu, ya san wadda sai an riƙe mata ɗa kafin ta hau. Suna son shi kamar su suka haife shi.

To, son nan ne ya zame mana aiki. Kowacce, in ta sauke sahun farko daga wuta, nashi ne. Ba sayarwa ba ne, kuma ba ladan ɗauka ba. Sun yi ittifaƙi cewa hannunsa na da albarka, in ya fara ci kasuwa za ta yi kyau. Shi kuma ya taso a kan cewa ba a mayar da hannun babba. Haka zai ci waina da man shanu nan, ya ci ƙosai can, rana ta take ya kora da lemon kwalba mai sanyi, ya wuni zaune a kan babur. Tumbi ya fito, wuya ya cika. Inna tana kallonsa tana cewa, "Ɗana ya yi jiki, Allah na gode maka."

Sai da na yi kuka a gaban Inna kafin ya yarda muka je wurin likita a Kankiya. Likitan ya danna cikin, ya yi tambayoyi, har ya tambaye shi ko yana shan giya. Yaya ya miƙe zai fita.

"Likita, ni ka kalla ka ga alamar mashayi?"

Da ƙyar na zaunar da shi. Likita ya ce kowa yake yi wa tambayar, sannan ya tura mu ɗaukar hoton ciki, wanda ake kira sikanin. Ya ja mana kunne: a zo da safe, kada a ci komai.

Mai ɗaukar hoton wata 'yar Kudu ce, Madam Bernice, ta daɗe a Kankiya har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari kaifi. Ranar farko ta kwantar da shi, ta shafa masa wani mai mai yauƙi a ciki, ta ɗora kan na'urar tana zagayawa. Can ta ɗago.

"Malam, me ka ci?"

"Ban karya ba, Madam."

"Ba shi na tambaya ba."

Ya ce, "Waina ce kaɗan. Ita Gwaggo ta miƙo mani."

Madam Bernice ta ce abinci da iska sun tare mata gani, jakar matsarmama kuma ta tsuke, ba za ta rubuta abin da ba ta gani da kyau ba. Ta ba shi tsumma ya goge cikinsa, ta ce mu dawo.

A karo na biyu na yi shiri. Na hana matarsa Kamila dama koko, na ɓoye ledar burodi, na roƙe shi ya bar ɗaukar matan na safiya ɗaya. Ya ce in bai kai su ba wa zai kai su, ƙullu ya yi tsami a gida? Ya rantse mani ba zai ci ba. Ya dawo ɗaukata leɓensa na sheƙi.

"Yaya!"

"Na faɗa wa Gwaggo, wallahi na faɗa. Ta ce wane irin likita ne zai hana ɗan mutane karyawa. Ta riƙe farantin a gabana, mutane na kallo. In ture hannunta? Sa'ar Inna ce fa."

Ko Kankiyar ba mu je ba. Na shige ɗaki na kwanta ina karanta abubuwa a waya, kowane shafi ya fi na baya tayar da hankali. Haushi ya ishe ni: mutum ya iya ratsa laka da buhu biyu a babur, amma ya kasa ce wa tsohuwa a'a.

Muna cikin haka Inna, wadda ba ta ma yarda akwai ciwon ba, ta tuna cewa akwai azumin da ya sha a watan Ramadan lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, har yanzu bai rama ba. Faɗa take masa a kan sakaci da addini. Ni kuwa na yi wuf na ce ya rama ranar Alhamis, mu je asibiti ranar. Maganar likita Gwaggo Hassana na iya musawa, amma ba za ta sa Musulmi ya karya azumi ba.

Ba ta sa shi ba. Sai dai ta ƙulle wainar a leda ta rataya masa a kan babur, wai na buɗa baki. Mai ƙosai ma haka, mai awara ma haka. Muka isa Kankiya ledoji na lilo a gabanmu, mai na ɗiga a kan tanki.

Wannan karon hoton ya fito. Madam Bernice ta ce ya ja numfashi ya riƙe, ta juyo allon ta nuna mani. Ga ƙoda, duhu-duhu. Ga hanta kusa da ita, ta yi fari tas. Ta ce hantar mai lafiya ba ta fin ƙoda haske haka, kitse ne ya taru a cikinta.

"Yanzu ina yawan ganin wannan a matasa," in ji ta. "Da sai manya."

"Za ta kashe shi?" Bakina ne ya suɓuce.

"Ƙanwata, ni hoto nake ɗauka. Hoto ya nuna kitse, bai nuna ko hantar ta fara ciwo ba. Wannan sai jini."

Likita ya ce kitsen kan narke in mutum ya rage zaƙi da soye-soye, ya riƙa tafiya da ƙafa. Amma da ya ji labarin Baba, fuskarsa ta canza. Ya sa aka ɗibi jini, ya ce za a kai Katsina a duba ko hantar ta kumbura, a kuma duba ko akwai ƙwayar cutar da ake ɗauka a cikin dangi. Ni ma ya ce a ɗibi nawa.

Washegari na je wurin Gwaggo Hassana da kaina. Na durƙusa na gaishe ta, na yi mata bayani a hankali. Ta ajiye cokalin juya waina ta dube ni.

"Halan ni na sa mashi ciwon? Tun yana goye nake ba shi wainar nan."

"Ba haka nake nufi ba, Gwaggo."

"To ɗiyata, in bai fara ci ba wa zai buɗe mani kasuwa?"

Muka yi ta ja har ƙullu ya fara ƙonewa. A ƙarshe ta yarda zai riƙa gutsurar gefe ɗaya, ba mai, ya yi bismillah, sauran ta ba wani. Mai ƙosai ta ce ita sai ta yi shawara. Mai awara cewa ta yi awara ai waken suya ce, magani ce.

Yaya ya daina lemon kwalba, ko dai ya daina sha a inda zan gani. Yana zuwa masallaci da ƙafa, yana mita cewa na mai da shi tsoho. Kamila ta rage mai a miya, Inna na cewa ana horar mata da ɗa da yunwa. Jiya na kira asibitin, suka ce jinin namu yana Katsina, sakamako bai dawo ba.