Gansakuka Tsakanin Azahar da Lisha

Da jikata za ta tafi jami'a a Manchester, ta bar mini akwatin gilashi mai ruwa a falonmu na unguwar Sparkbrook, nan ƙasar Turawa. Inda ɗalibai ke kwana a Fallowfield ba a yarda a shiga da dabba ba, ko da kifi ne. Akwatin bai kai tsawon hannuna ba. Kifaye bakwai ne a ciki, 'yan mitsi-mitsi, ko duka aka zuba a tukunya miya ba za ta san da su ba. Akwai ciyayin da ta dasa da hannunta a cikin tsakuwa, da dodon koɗi guda, da fitila a jikin murfi.

"Kaka, amana," ta ce, da Hausarta mai tauri irin ta yaran da aka haifa a nan. "Abinci kaɗan, sau ɗaya. Fitila awa shida ko bakwai. In ta wuce haka, kore zai fito."

Na ce mata ni ban san awa ba. Ta nuna mini wata 'yar roba da ake maƙalawa a soket, wai ita ke kunnawa da kashewa. Na ce a cire ta. Abin da aka ba ni amana ba na raba shi da roba. Sai ta je ta duba takardar lokutan salla da ke manne a firij, ta lissafa da yatsu, ta ce in kunna da azahar, in kashe da lisha. Wannan na iya. Muna da rediyon masallaci a kicin, ba ya fashin kira.

Duk sanyin shekarar haka na yi. Ruwa garau, ciyayi a miƙe. Kowace Asabar in kwashe bokiti guda in zuba sabo, da ɗigon maganin da ta nuna mini.

Bayan ƙaramar salla aka fara. Da farko kore-kore a jikin gilashi, sai wasu zaruruwa kamar gashi a bakin ganye, daga nan ruwan kansa ya koma miyar kuka. Kifi sai ya zo dab da gilashi kafin in gan shi.

Uban yarinyar likita ne, ɗan farina, don haka ba na kama sunansa. Ya tsaya a gaban akwatin da jakar aikinsa a hannu.

"Hajiya, abinci kike cika musu."

"Kai da na raina ban cika maka ba, sai kifi?"

Ya ce to, ko ma mene ne, saura mako uku ta gama jarrabawa ta dawo. In ruwan bai washe ba, zai kwashe kifayen ya kai wa wani abokin aikinsa a Aston mai babban tanki, akwatin kuma a fitar da shi. Ya ce ba ya son ta shigo ta tarar da wannan. Matarsa ta ce baƙi ma suna kallo. Na ce ido nasu ne.

Na san gansakuka tun ina yarinya. In ta kama randa, a goge ta da soso a kife ta a rana. Akwatin ba ya kifuwa, sai na goge gilashin tas, na yaye labulen taga don rana ta same shi. Kwana huɗu, kore ya ninka, kifi ɗaya ya taso ciki sama. Wannan laifina ne, kuma na faɗa. Na mayar da labule.

Daga nan na jawo kujera na zauna ina kallo. Abinci bai canza ba, ruwan famfo shi ne dai, hannun da ke yi nawa ne. Na yi kwana biyu a haka. A rana ta uku na lura da wani abu da ba a cikin ruwan yake ba. Lokacin sanyi, in na kunna fitila da azahar, tukunya ɗaya nake ɗorawa a kira lisha. Yanzu kuwa in yi girki, a ci, a wanke kwanuka, likita ya dawo ya ci nasa ya yi gyangyaɗi a kujera ya farka, rediyo shiru. A can ƙasarmu, tazarar azahar da lisha kusan ɗaya ce rani da damina. A ƙasar nan lisha tafiya take yi. Ni kuma ina biye da ita da fitila.

Na ce wa likita ya ɗauko takardar firij ya lissafa mini. Ya duba, ya ce kusan awa goma. Sai ya kama dariya.

"Dariyar me? Kai ne mai karatu. Kullum kana buɗe firij ɗin nan."

Ya daina.

Duk lokacin nan, in yarinyar ta kira a waya mai hoto ta ce in nuna mata 'ya'yanta, silin nake nuna mata. Ran nan na juya wayar sosai. Ta ƙura wa akwatin ido.

"Kaka, wannan ai miya ce."

"Na sani. Ɗaya ya mutu. Lisha ce ta yi nisa, ni kuma na ƙara da rana."

Ta yi ɗan kuka, na jira ta gama. Da na gaya mata shirin ubanta, ta ce kada in bari Dadi ya bayar da su. Na ce in tana da magani ta faɗa, in kuka ne ina da aiki. Ta ce a rufe akwatin ruf kwana uku, ba haske ba abinci, injin tace ruwa kawai a bari yana aiki. Na ce kifin fa? Ta ce sun fi ni iya azumi. Na ce za mu yi wannan maganar in ta dawo.

Na lulluɓe shi da baƙin bargona. Surukata ta shigo falo ta ja baya, ta ce, "Hajiya, wa ya rasu?" Na ce tukuna. Kwana uku ina zaune a gefensa, ina hana mutane leƙawa. Wanda ya fi damuna likita ne.

Da na yaye, ruwan ya yi sauƙi, zaruruwan sun yi laushi sun koɗe. Na sa tsohon buroshin haƙori ina naɗe su kamar taliya. Na yanke ganyen da suka ruɓe da almakashi, na canza bokiti biyu, bayan kwana uku na sake. Fitila kuwa na yi mata sabuwar doka: azahar zuwa la'asar. Masallacin da rediyonmu ke kamawa na 'yan Pakistan ne, suna jinkirta la'asar, abin da na daɗe ina ƙorafi a kai. An lissafa, ya zo awa biyar da wani abu. Ban sake ƙorafin ba.

Ana gobe za ta dawo, likita ya durƙusa a gaban akwatin, ya duba ta gaba, ya duba ta gefe, kamar ya sami mara lafiya. Ana ganin bangon falo ta cikin ruwan. Ciyawa ɗaya ma ta fitar da sabon ganye.

"Akwai saura a bayan dutsen nan," ya ce.

"Rabon dodon koɗi ne. Shi ma a gidan yake."

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ciro waya ya kira mutumin Aston. Da Turanci suka yi maganar, gajeriya. Da ya ajiye ya ce akwatin yana nan.

Na ce to ya matsa, ya tare wa kifayen hanya.