Ranar da na goge Kibiya daga akwatin bincike

Sufabaizana ya ba ni zuwa Alhamis: ko in turo masa takardun bincike goma a kan ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ko ya canza min tofik ɗin furojet. Ni kuwa ba na so a canza, don gonar babanmu, ƙudujin ya gama da ita damina biyu a jere.

Lokacin ina gida Tarai, a ƙaramar hukumar Kibiya, ana hutu, 'yan ajinmu duk suna birni. Netwok sai kan wani falalen dutse a bayan gari. Nan nake zama tun hantsi, daga ni sai waya sai awakin mutane.

A saurin taifin kam ba a ja da ni, sai na buɗe shafin neman takardun bincike. Na buga striga, sunan ƙuduji a kimiyyance, na sa AND, na buga dawa da Turanci, na ƙara AND, na sa Kibiya. Shi AND nufinsa dole duk kalmomin su fito a takarda ɗaya. Babu ko guda. Na sa Rano, maƙwabciyar Kibiya, nan ma wayam. Kwana biyu ina wannan wahalar. Na jefa tambaya a guruf ɗin aji, an gani, ba wanda ya tanka.

Ran Laraba na goge Kibiya. Wallahi sai na ji kamar garinmu nake gogewa. Na haɗa dawa da gero da OR, wato ko wannan ko wancan, na kori shinkafa da NOT. Sai ga takardu tuli, daga Mali, daga Kenya, har Indiya. Na daka tsalle, awaki suka watse.

Sha biyu na tura wa malam, na ce masa amma fa ba ko ɗaya a kan garinmu. Bayan la'asar ya amsa: "To ai shi ya sa kai za ka rubuta. Ci gaba."

Da gudu na shiga gida. Baba yana gona. Inna na tsince wake, na zayyana mata komai. Ta ce maganin ƙudujin na samo? Na ce tukunna. Ta ce Allah ya taimaka, abincina na rufe a kwano.

Na koma dutsen na leƙa guruf, har yanzu shiru. Na sake buga Kibiya, don in gani kawai. Babu.