Shanun Tungarmu a Shekarar Fari

Jiya na taka busasshen ɗan gawo a hanya, ya yi ƙaras, sai na tuna tungarmu ta wajen Gagarawa, lokacin ina yaro.

Tungar ta 'yan gama kai ce. Iyayenmu sun taso daga wurare dabam-dabam, wasu daga Sule Tankarkar, wasu ma daga Damagaram, suka sare daji suka zauna a kan komai tare za a yi: gandu ɗaya, rumbu ɗaya, rijiya ɗaya. Shanun noma biyu ne, ja da baƙi, na kowa da kowa, ni kuma aka ɗora wa kiwonsu.

Sai aka yi fari. Gero ya ƙone a tsaye, ciyawa ta ƙare, har jinkar ɗakuna shanun suka fara ja. Dattawa suka zauna, yawancinsu suka ce a kai su kasuwar Maigatari tun suna iya takawa. Kakana, wanda shi ne sarkin nomanmu, ya ce in an sayar an koma noman hannu ke nan, ga shi rabin majiya ƙarfi sun tafi ci-rani. Ya sa aka kira ni, ya tambaye ni a gaban kowa ko zan iya riƙe su zuwa damina. Na ce zan iya.

Na tara yaran tungar. Kullum da hantsi muna daji, manya suna kaɗo 'ya'yan gawo da gora, ƙanana suna tsincewa. Iyaye mata suka riƙa ajiye mana ƙasari da 'yar dusar da ta samu, alhali su ma ba ƙoshi suke yi ba.

Duk da haka, da bazara ta tsananta, baƙin san ya kwanta ya kasa tashi. Maƙwabcinmu ya fito da wuƙa don kada ya mutu mushe. Na rungume wuyan san ina kuka. Kakana ya dubi mutane ya ce, "Yaron nan ya yi nasa. Ku ɗauko sanduna, saura namu."

Aka zura sanduna ta ƙarƙashin cikinsa, maza da mata suka sa kafaɗa aka ɗaga shi. Haka aka riƙa yi kowace safiya har ƙafafunsa suka ɗauke shi.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro. Ranar da aka ɗaura musu garma, ni kakana ya miƙa wa igiya, na ja su kunyar farko mata suna ta guɗa. Da kaka rumbu ya cika, har ƙauyukan da suka sayar da nasu shanun suka zo aron namu, aka ba su.

Yanzu an raba gandun, kowa da gonarsa da shingensa, tarakta ake haya. Mu yaran lokacin mun yi furfura, mun watsu garuruwa. Amma har gobe in ɗayanmu ya kwanta ciwo, ka je ƙofar gidansa, za ka tarar da mu a kan tabarma.