Gangaren da Ya Ci Bijiminmu

Shekarar da aka sauke tutar Turawa maigidana ya haɗa amalanke da ƙafafun tsohuwar mota. Shanun huɗa biyu gare shi, ja da fari, kuma su ne tuwonmu. Ya kafa amalanken gabansa ya ɗan rusuna, don in ana hawan tudu kada kaya su rinjayi baya, karkiya ta ɗaga ta shaƙe shanun. Illarsa, a gangare nauyin duk kan wuyansu yake zubowa. Shi ya sa kafin kowane gangare sai ya tsaya ya mai da buhunan gaba baya. Ya yi min wannan karatu har na haddace, ni da ba ruwana da tuƙi.

Ranar kasuwar Rano muka taso daga Nariya da gyaɗa, ina zaune a can baya. A hanya muka cim ma Babana yana tafe da sandarsa. Maigida ya diro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Baba ya hau ya zauna a gaba, inda ya kamaci babba. Baba kuwa, tubarkalla, ba ƙaramin mutum ba ne.

Da muka doshi gangaren rafi sai na tuna karatun maigida. Buhunan da za a mayar baya, a kansu Baba yake zaune. To wa zai ce masa tashi? Suruki? Haba! Ni kuma 'yar fari ce, tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Na yi gyaran murya na ce wa iska, "Bayan nan ya fi daɗin zama." Baba ya kau da kai kamar ba da shi ake ba.

Maigida ya sauka ya shiga tsakanin shanun, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin karkiya, wai zai taya su. Ina mutum ina nauyin amalanke! A tsakiyar gangare jan ya durƙushe. Na ji ƙarar ƙashin kamar an karya itace. A nan bakin rafi aka yanka shi, maigida ya juya baya ya ƙi kallo.

Baba ya ce, "Wannan gangare ba shi da kyau. Allah ya mayar da alheri." Maigida ya ce, "Amin, Baba." Ya ciri tozo, ya ce a kai gidanmu. Wallahi na ji haushinsu su biyu, na ji haushin kaina.

Sa ɗaya ba ya huɗa. Kafin damina aka sayar da farin, muka ci. Da kaka ta wuce maigida ya tafi cirani Kurmi, ya ce ba zai dawo ba sai da kuɗin shanu. Na koma gidanmu jira, ina ajiye wa Baba tuwo a ƙofar ɗaki. Har Baba ya rasu bai san dalilin abin da ya faru a gangaren nan ba, maigida kuma bai dawo ba.