Yashin Gyaɗar Inna

Duk baƙon da ya sauka gidanmu a Jos, ni ake haɗawa da shi in zaga da shi gari. In kai su bakin tafkunan nan masu koren ruwa, su yi ta ɗaukar hoto suna cewa, "Kai, ikon Allah!" Ikon Allah ne mana, amma da shebur ɗin babana aka haƙa. Ramukan kuza ne kamfani ya tafi ya bari, ruwan sama ya rufa masa asiri.

A cikinsu Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Abin da ya fito da shi tari ne, sai buhun baƙin yashi da ya ɗebo a jujin kamfanin. Da yashin nan Inna ta yi ta suyar gyaɗa a Gada Biyu har muka girma. Yana riƙe zafi, gyaɗa ta soyu har ciki ba ta ƙone ba. Da Baba ya rasu kuwa, babu mai taɓa mata shi. In ta gama suya ta tankaɗe, ta juye a fanteka, ta tura ƙarƙashin gado.

Kwatsam zance ya cika gari, wai abin da Turawa suka zubar ya fi wanda suka kwasa daraja. Jama'a suka haukace da tono. Yayana, da ko bokiti bai taɓa ɗagawa ba, ya wayi gari masanin ma'adinai. Ranar da Inna ta tafi suna Dutse Uku ya kwashe yashin, ya cika mata fantekar da na rafi.

Tana jawo fantekar ta ji nauyin bai kai na yashinta ba. Ko buɗewa ba ta yi ba.

"Ina yashin ubanku?"

Yayana ya hau sosa ƙeya, da ƙyar ya faɗi inda ya kai shi. Ni na raka ta rumfar mai sayen kuza, raina a ɓace, ita kuma mayafi a karkace, tana sauri kamar ba ita ke kukan gwiwa ba. Ta ce wa ogan ko nawa ya biya za ta mayar masa, ya dai ba ta kayanta.

Mutumin ya tuntsire da dariya. "Mama, wannan mai warin gyaɗa? Ni ban biya komai ba. Mun wanke shi tas, babu komai ciki. Yaronka ma sai da na ba shi kuɗin mota."

"To ba ni shi haka nan."

Ya nuna mana kwata a bayan rumfar. An kwana ana ruwa.

Inna ta daɗe a tsaye tana kallon kwatar. Can ta yi wata 'yar dariya.

"Allah ya jiƙan Malam. Duk shekarun nan a rami, ko juji bai iya zaɓa ba."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Sai da na riƙe ta muka tsallaka titi.