Ranar da Muka Je Warwick Neman Asalin Amarya

Na yi yawo a duniya gwargwadon hali. Na zauna a Khartoum, na yi aiki a Lyon, na ga aure iri-iri a harsuna iri-iri. Amma akwai wata Asabar da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ranar da muka tashi daga Manchester zuwa Birmingham domin binciken asalin wata yarinya.

Abokina ne ya ja ni. Likita ne na asibitin unguwa, ya daɗe a Cheetham Hill cikin Manchester. Babban ɗansa, haifaffen Ingila, ya kawo maganar wata Baturiya da suka yi jami'a tare. Addini ba shi ne matsalar ba, don yarinyar ta musulunta tun kafin su haɗu. Matsalar ita ce Likita ya rantse ba zai ba da yardarsa ba sai an yi bincike irin na gida, an san garin iyayenta, an je can an ji abin da mutane ke faɗa a kansu. Yaron kuwa ba zai yi aure ba sai da albarkar ubansa. Shi ya tuƙa mu, muka bi babbar hanyar M6.

A hanya Likita ya tambaye shi, 'yar ina ce? Ya ce Birmingham. Likita ya ce ai ranar nan West Midlands ka ce. Yaron ya ce duk ɗaya ne, Dad. Likita ya dube ni ta madubi.

Gidan su yarinyar yana Sutton Coldfield, can arewacin birnin. Uban yarinyar dattijo ne mai jan fuska, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa. Ya tarbe mu da shayi da biskit. Bayan gaisuwa, Likita ya gyara zama ya fara da tambaya mafi sauƙi, wadda ake yi don buɗe baki kawai.

“Ku dai mutanen Birmingham ne ko?”

Dattijon ya ajiye kofinsa a hankali, kamar an zagi mahaifiyarsa.

“Ni ba ɗan Birmingham ba ne, Dokta. Ni mutumin Warwickshire ne.”

“To madalla. Yaushe kuka taso daga can?”

“Ban taso daga ko'ina ba. A layin nan aka haife ni.”

Likita ya juya wajen uwar yarinyar, ko za ta gyara maganar. Ita kuwa ta yi murmushi ta ce ita 'yar Handsworth ce, wato Staffordshire, haka kakarta ta riƙa faɗa har ta mutu. Handsworth ɗin da ke cikin Birmingham, wadda bas ke zuwa daga tsakiyar gari.

Likita ya sunkuyo ya ce mini da Hausa, “Alhaji, gida ɗaya, gari huɗu. Akwai abin da suke ɓoyewa.”

Na yi ƙoƙarin yi masa bayani. Ingila tana da tsofaffin gundumomi tun zamanin kakannin kakanni, kowace da iyakarta da tambarinta da ƙungiyarta ta wasan kurket. Sai masana'antu suka zo, birane suka kumbura. Birmingham, wadda asalinta gari ne a cikin Warwickshire, ta ci gefen wannan gunduma ta ci gefen waccan, har ta fi uwar da ta haife ta girma. Daga baya gwamnati ta zana sabuwar iyaka ta kewaye birnin da maƙwabtansa, ta sa musu sabon suna, West Midlands. Hukumar gari ta canja, mai kwashe shara ya canja, amma tsofaffi suka ƙi canjawa. Na ce masa a Faransa ma na ga irin wannan, takarda na faɗin suna ɗaya, bakin mutane na faɗin wani.

Ya ce, “Kai yawo ya lalata ka, komai daidai ne a wurinka. Tunda ya ce Warwickshire, mu je Warwickshire mu tambaya.”

Muka ce wa mutanen gidan za mu ɗan zaga gari kafin abincin yamma. Yaron ya tuƙa mu Warwick, babban garin gundumar, yana ta ƙunƙuni da Turancinsa na Manchester. Can Likita ya sauka cikin babbar riga, ya nufi kasuwa. Ya tambayi mai sayar da cuku ko ya san gidan su wane. Bai sani ba. Ya tambayi wata tsohuwa mai jan kare. Ta yi tunani sosai, ta ce ta san wani mai irin sunan amma ya koma Sifaniya. Har cikin wani coci muka shiga, inda wata mata ta ba mu takardar tarihin ginin, ta nuna mana akwatin sadaka. Wani direban tasi ya ji sunan unguwar ya yi dariya ya ce, “Sutton Coldfield? Ai 'yan Birmingham ne masu jin kunyar faɗa.”

Likita ya dawo mota fuskarsa a ɗaure. “Ka gani? Garin da yake tinƙaho da shi, ko mutum ɗaya bai san shi ba. In mun koma zan ce musu za mu yi shawara.”

Yaron bai iya Hausa sosai ba, amma ya san abin da “za mu yi shawara” ke nufi a bakin ubansa. Haka ya tuƙa mu muka koma Sutton Coldfield.

An dafa mana kifi da dankali, don kada a shiga rigimar naman halal. Yarinyar na zaune kusa da uwarta, ta kasa cin komai. Likita yana jiran a gama ya saki maganarsa, sai dattijon ya riga shi. Ashe shi ma yana da nasa binciken.

“Dokta, wace unguwa kake a Manchester?”

“Cheetham Hill.”

“To ai Lancashire ke nan. Aƙalla ba ƙetaren kogi kake ba, wajen 'yan Cheshire masu ji da kai. A Najeriya fa?”

Likita ya ɗaga ƙirji. “Kano.”

Yaron ya ɗago kai daga faranti. “Dad, ba Jigawa ba ce? Ita aka cike mini a wajen yin fasfo.”

Ban taɓa ganin Likita ya fusata haka ba. Ya manta da auren, ya manta da baƙunta. Ya ce shi a Birnin Kudu aka haife shi, ƙasar Kano ce tun kafin a haifi kakansa, a Kano ya yi karatu, Jihar Kano ce ta tura shi jami'a. Rana ɗaya soja ya yi jawabi a rediyo, ya kwanta yana Bakano ya tashi an ce shi ɗan Jigawa ne, ba wanda ya tambaye shi. Su rubuta abin da suka ga dama, shi ya san ko shi wane ne.

Dattijon ya ajiye cokali. Idanunsa har sun yi ruwa.

“Kai ma ba su tambaye ka ba?”

“Ko sallama ba su yi ba.”

“Ni ina saurayi suka yi mana. Muka kwanta a Warwickshire, muka tashi a Birmingham.”

Ya miƙo hannu ta saman kwanon dankali, Likita ya kama. Daga nan ba wanda ya sake samun damar magana. Suka zagi masu zana iyaka na ƙasashe biyu, matattu da rayayyu. Dattijon ya ɗauko taswirar da ya yi firamare da ita, Likita ya zana tsohuwar Kano a bayan takardar goge baki, ya faɗaɗa ta fiye da yadda ta taɓa zama. Uwar yarinyar ta so ta sako Staffordshire, suka haɗu suka ce mata wannan tsohon zance ne.

Da muka fito, Likita ya ce mini, “Alhaji, mutumin nan ɗan asali ne. Zalunci aka yi masa.” Ya juya wajen ɗansa ya ce ya gaya wa mahaifiyarsa ta fara shiri. An ɗaura auren a wani masallaci a unguwar Aston ta Birmingham, iyayen maza biyu suna sahun gaba, kowa na gaya wa baƙi cewa ɗayan ne kaɗai ya fahimce shi a ƙasar nan.

Abin da na koya shi ne, bincike irin namu yana da kyau, amma mai yin sa ya fara da kansa. Kusan kowane dattijo yana zaune ne a wata ƙasa da hukuma ta daɗe da gogewa, kuma yana ganin tasa gaskiya ce, ta maƙwabcinsa ruɗu. Yanzu idan na tambayi mutum garinsu ya ba ni amsa biyu, ba na zarginsa. Kujera nake ja masa, don na san labarin zai yi tsawo.